Baƙon Dama

Litinin, 8 ga Disamba, bayan azahar

An sa ni a kwamitin lasisin farauta. Mu biyar ne. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce kuma na karanta ilimin namun daji a jami'a, saboda haka ni aka ba rubuta bayanan taro. Darakta, Alhaji Ubaidullahi, ya ce rubutun mata ya fi tsabta. Na yi masa godiya.

Aikinmu shi ne mu sa kuɗin lasisi a kan duk mai shiga daji da bindiga ko kare, mu kuma duba ko ɗan wata jiha zai biya fiye da ɗan Jigawa. Darakta ya ce ninki biyu. Sharhabilu, wanda teburinsa ke kallon nawa, ya ce a bar shi bai ɗaya, don shi bai taɓa ganin zomo da takardar ƙaramar hukuma ba. Kowa ya yi dariya. Yana da irin hikimar nan da ke sa a yi dariya a tashi ba a yanke komai ba.

Ni na ce ninki goma.

Darakta ya cire tabarau ya ce, “Hajiya Nusaiba, ke da mahaifinki Sarkin Baka ne?” Na ce shi ya sa na sani, ranka ya daɗe.

Kuma na sani ɗin. Duk shekara da an gama girbi sai manyan motoci su fara shigowa daga Kano da Bauchi da Yobe, cike da samari da karnuka, ana kiɗa ana ihu. Su banka wa daji wuta don su fito da gafiya, wutar ta ci karan wani, ta ci rumbun wani, su hau mota su tafi. Ɗan gari ke zama da tokar. Shi zabin daji suka ci wa gero tun yana tsaye, shi zai yi rigima da makiyaya a kan ciyawar da ta ƙone. Na faɗi wannan duka ban kalli takarda ba. Darakta ya ce in rubuto.

Maganar adalci ce.

Talata, 9 ga Disamba, bayan la'asar

Maigidana, Abban Safa, ya ɗauki daftarin a kan kujera ya karanta a tsaye, hula a hannu. Ya ce ya yi kyau. Sannan ya ce, “Mele ɗan ina ne ma?”

Na ce Nguru.

“Nguru kuma Yobe.”

Na ce Allah ya saka wa malaman firamarenka.

Ya ajiye takardar ya fita majalisa. Zaman aure ya koya masa inda ake tsayawa.

Tunda an ambace shi, bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Mele maharbi ne. Ya fara zuwa ƙauyenmu, Tudun Kanya, ina jami'a, a bayan irin motocin nan da nake magana. Mugun dawa ya farke wa karensa ciki, abokan tafiyarsa suka ce a bar shi nan, shi kuwa ya saɓo shi a kafaɗa har ƙofar gidanmu, don an ce masa Sarkin Baka na ɗinki. Baba ya ɗinke karen. Karen ya mutu washegari. Mele bai mutu ba, bai kuma daina zuwa ba.

'Ya'ya mata Allah ya ba Baba, mu huɗu. Bai taɓa cewa uffan a kai ba, mutum ne mai tawakkali. Sai dai ranar da Mele ya harbo gada a guje, Baba ya shigo gida yana ta “ɗana, ɗana,” kamar wanda ya daɗe da kalmar a aljihu yana neman inda zai kashe ta.

Ba ni da matsala da Mele. Mutumin kirki ne. Kowa ya faɗa.

Alhamis, 11 ga Disamba, da safe

Sharhabilu ya tambaye ni daga wane lissafi ninki goma ya fito. Na ce daga gogewa.

Asabar, 13 ga Disamba, da yamma

Na kai wa Baba maganin ɗiga wa ido. Na tarar an share ɗakin da ke kusa da zaure, an yi masa sabon daɓe, an shimfiɗa tabarma sabuwa fil, har da gidan sauro. Ɗakina ne a da. A bangonsa na taɓa zana taswirar Afirka da gawayi na sha duka. Yanzu ko Inna “ɗakin Mele” take ce masa.

Baba na zaune a rana yana shafa wa bindigarsa mai da tsumma. Idon da aka yi wa aiki ya washe, ɗayan yana nan da yanarsa. Na durƙusa na gaishe shi.

“Malama, an zo lafiya? Ya maigidan? Ya aikin gwamnati?”

Malama. Tun ranar da na gama jami'a yake kirana haka. Mutane na cewa girmamawa ce. Haka yake kiran mai allura a asibitin Kiyawa ma.

Na ɗiga masa maganin. Ido a rufe, ruwan na gangarowa ta gefen hancinsa, ya miƙo mini wayarsa. “Nemo mini yaron nan.” Ban tambayi wane yaro ba. Yaron ya haura arba'in. Wayar Baba ba kati, da tawa aka kira. Na zauna riƙe da kwalbar magani suna hirar wata karya da ta haihu, da ruwan da bai janye ba a fadamar Nguru, da Ɗan'inna, mataimakin Baba, wanda ya sayi bindiga mai baki biyu bai san ta inda ake buɗe ta ba. Baba ya yi dariya har hularsa ta zame. Ban san yana da sauran haƙora haka ba.

Da ya gama ya ce, “Yana gaishe ki. Farkon watan gobe za mu buɗe daji, in Allah ya kai mu.”

Al'adar garinmu ce. Ba mai shiga farauta sai Sarkin Baka ya buɗe daji, shi kuma ba ya buɗewa sai da baƙo a hannun damansa. Baƙon ke harbin farko, cinyar abin da ya samu ta shigo gidanmu. Baƙon dama ake ce masa. Na kakanmu wani mutumin Azare ne. Na Baba, Mele.

Ina ƙarama na taɓa bin su a ɓoye har bakin fadama. Baba ya sa aka dawo da ni a kan jaki. Sai na je na karanta dajin a littafi, da sunayensa na Latin.

Ban gaya masa maganar kwamiti ba. Bai tambaya ba. “Ya aikin gwamnati” gaisuwa ce, amsarta alhamdu lillahi.

Talata, 16 ga Disamba, ƙarfe biyu

Sharhabilu ya zo a shirye yau. Ya ce ya yarda a bambanta, amma ninki goma ba kuɗin lasisi ba ne, katanga ce. Ya ce attajirin da zai zo daga Abuja a mota mai sanyi ya harbi agwagin Haɗeja ko a jikinsa, talakan da ya zo da kare ɗaya shi za a kora. Ya ce mutumin Gaya da gonarsa ke jingine da ta mutumin Dutse ya zama baƙo, amma ɗan Dutsen da ya tsufa a Legas, wanda bai san hanyar gonar ubansa ba, ɗan gida ne. Ya ce shi kansa ɗan jihar Kano aka haife shi, yana cikin zanin goyo aka mayar da shi ɗan Jigawa, ba wanda ya yi shawara da shi.

Duk gaskiya ne. Abin haushi da Sharhabilu ke nan.

Sai ya kawo tasa shawarar: a cire baƙin gargajiya. Wanda sarkin baka ko mai gari ya gayyata da kansa ya shigo kyauta. Da yake faɗa bai kalle ni ba. Silin ya kalla, wanda ya fi muni.

Na ce madalla. Kafin wata ya ƙare kowace mota za ta shigo da takardar gayyata daga wani mai unguwa, da hatimin da aka buga a shagon kwamfuta na bakin kasuwa. Na ce in muka bar ƙofa don mutum ɗaya, ba mu ne za mu tsaya a bakinta muna ƙirga masu shiga ba. Na ce ranar da doka ta fara gane fuskoki ta gama aiki. Darakta ya rubuta wannan a gefen takardarsa, na san zan ji ta a bakinsa a wani taron.

Aka ɗaga hannu. Ninki goma ya wuce, ba togiya.

A kan matakala Sharhabilu ya ce, “Hajiya, don Baba fa na kawo ta.”

Na ce Baba bai aiko ka ba.

Akwai maharba a Haɗeja. Akwai a Ringim, akwai a Gumel. Baƙo ai ba sai daga wata jiha ba.

Laraba, 17 ga Disamba, da safe

Na yi barci lafiya lau. Na rubuta ne don kada a ce.

Litinin, 22 ga Disamba, da rana

An sa hannu a sama. Ban taɓa ganin takarda ta yi gudu haka a ma'aikatar nan ba. Ta gyaran banɗakin mata tana hanya tun bara. Darakta ya ce ni zan je rediyo jibi in yi wa jama'a bayani, tunda ni na haifi abin.

Laraba, 24 ga Disamba, gab da magariba

Shirin ya yi kyau. Wani manomi ya bugo daga Taura yana ta sa mini albarka, ya ce bara wutar 'yan farauta ta cinye masa waken da ya tara a gona, har yau bai miƙe ba. Ba ƙarya nake yi ba ke nan, akwai mutumin Taura.

Wani kuma ya bugo daga Wudil ya ce, “Hajiya, don Allah ke kin taɓa shiga daji kuwa, ko a talabijin kike gani?” Na ce ni 'yar Sarkin Bakan Tudun Kanya ce. Ya ce, “Allah ya ba ki haƙuri,” ya kashe. Ban taɓa faɗar wannan da ƙarfi haka ba, jiha guda na saurare.

Baba ba ya rabuwa da rediyo tsakanin azahar da la'asar. Na san haka tun kafin in zauna.

Wayata na kan tebur. Cajinta a cike yake, na duba.

Alhamis, 25 ga Disamba, da yamma

Bai kira ba.

Juma'a, 26 ga Disamba, bayan an sauko masallaci

Inna ce ta kira.

“Ke Nusaiba, ashe ke ce a rediyo? Na ce da malam wannan muryar tamu ce.”

Na ce me ya ce?

“Ya ce kin iya magana.”

“Sai me?”

“Sai ya ce a kai wa karnuka ruwa.”

Na fara yi mata bayanin wutar daji da mutumin Taura. Ta saurara, tana “to, to,” ina jin tana tankaɗe. Na ce in ma abin ya yi wa Mele nauyi, Baba na iya gayyatar wani daga Haɗeja bana.

Tankaɗen ya tsaya. “Wani wa? Baƙon dama riga ce da za a sake? Ai sai mutuwa ta raba.”

Na ce ban sani ba.

“Ina za ki sani, kina makaranta.”

Ina tuna tsohon Azaren nan. Ana sauko da shi daga mota kamar buhu, ya makance, hannu na karkarwa, a riƙe masa bindiga ya taɓa kunamarta kawai, a yi kabbara. Na ɗauka son yawo ne irin na tsofaffi.

Na ɗauka haka ne. Abin da na rubuta ke nan.

Lahadi, 28 ga Disamba, hantsi

Mele ya kira ni. Na bar wayar ta yi ta ƙara, Abban Safa na kallona ta saman kofin shayi, sai na ɗauka.

“Yaya Nusaiba, ina kwana? Ya yara? Ya maigida? Ya sanyi?” Sai da ya gaishe da kowa, saura kaɗan ya tambayi mota. Ya girme ni, amma Yaya yake ce mini, wai ni ce babba a gidan.

Ya ce ya ji dokar, kuma wallahi doka ce mai kyau, su ma can yaran nan sun gama musu da daji. Ya ce shi ya shirya biya, yana da rago biyu da zai kai kasuwa. Baba ne ya hana. Baba ya ce in ya biya ko kwabo kada ya tako masa gida.

“Shi ne na ce ko za ki yi masa magana, Yaya. Yana jin maganarki.”

Na kusa yin dariya. Na ce zan duba.

Ya ce ya sa bandar kifina a motar Haɗeja kamar kullum, in aika a karɓa a tasha, Fanna matarsa ta ƙara da daddawa. Na yi godiya. Na so a ce ya zage ni. Na shirya amsoshi masu kyau tun ranar Laraba, duk sun tashi a banza.

Kifin ya iso da la'asar. Mai kyau ne. Kullum mai kyau ne.

Talata, 30 ga Disamba, a ofis

Ba kowa, duk an tafi hutun da ba a bayar ba.

Lokacin aikin idon Baba ni na nemo likitan, ni na yi ta zarya, ni na kwana a kan benci. Ranar da aka cire bandeji ina tsaye a gabansa, na sa atamfar da Inna ta ce yana so. Ya buɗe idon a hankali, ya dube ni sosai, na ga ya gan ni. Ya ce, “Malama, an gaya wa Mele an yi lafiya?”

Wannan ba shi da alaƙa da lasisi. Na tuna ne kawai.

Asabar, 3 ga Janairu, da yamma

Yau ya kamata a buɗe daji.

Tun daga bakin gari na fara ganinsu. Maharba zaune a gindin kanya da gorori a cinya, karnuka kwance sun yi ƙiba. Ba wanda ya ƙi gaishe ni. Gaisuwar ce dai ta yi tsawo, kowa na kallon tayar motata. Ɗan'inna ya taso har bakin taga.

“Hajiya 'yar gwamnati! Mun ji ki, wallahi kin burge. To mu 'yan jiha da aka yi dominmu, yaushe za mu shiga? Maƙwabtanmu na garin Katanga sun buɗe nasu, sun yi kwana uku suna cin namanmu.”

Na ce ai ba ni ce Sarkin Baka ba.

“Ai da ke ce da mun huta,” ya ce, ya yi dariya shi kaɗai.

Baba na zaure. Bindigar na rataye, an mayar da ita cikin kubenta. Na gaishe shi, na ɗiga magani, na jira ya buɗe ido, sannan na ce zan biya wa Mele. Daga aljihuna, ba wanda zai sani, Mele ma ba sai ya sani ba.

Ya daɗe yana goge gefen idonsa.

“Malama, in kin je gidan mutum ya ce ki biya kuɗin tabarma, kin je gidansa?”

Na ce ba gidanka ne ke karɓa ba, Baba, gwamnati ce.

“Dajin da zan buɗe masa fa? Shekara nawa yana harbin farko, cinyar na shigowa nan. Ke ma kin ci. Yanzu in tsaya a gaban mutane in ce ga baƙona, da rasit a aljihunsa?”

Na ce dokar ba don Mele aka yi ta ba. Na faɗi maganar motoci, da wuta, da rumbuna. Ya gyaɗa kai a kan kowace.

“Gaskiyarki ce. Bara sai da na je da kaina na kashe wuta a gonar liman. Dokarku ta yi. Da dai kin zo mun yi magana kafin nan. Ai da na gaya miki abubuwa.”

Abubuwa. Shekara nawa ina zuwa gidan nan duk Asabar.

Na ce ai ba ka taɓa tambayata me nake yi a ofis ba. Na faɗa a hankali, kaina a ƙasa, yadda ake faɗa.

Ya ce, “To ni me na sani a aikinku? Kunyar tambaya nake, kada in yi shirme a gabanki.”

Inna ta shigo da fura a daidai nan. Ta iya shigowa.

Gidan sauron na nan a ɗaure a ɗakin. Ba a kwance ba.

Litinin, 5 ga Janairu, da safe

Na shiga wurin Darakta. Na ce ko za a sake duba shawarar Sharhabilu, ta baƙin gargajiya, ko da da sharuɗɗa.

Ya yi murmushi, ya jingina da kujera. “Haba Hajiya. Ranar da doka ta fara gane fuskoki ai ta gama aiki.” Ya faɗe ta da kyau, har da ɗaga yatsa. Ya ce kuma abin na aiki, motocin sun ragu, tun da aka fara ba a kawo rahoton gobarar daji ko ɗaya daga yankin Kiyawa ba, har an yaba mana a sama. Ya ce sunana na cikin waɗanda aka ambata.

Na fito. Sharhabilu ya turo mini gyaɗa a kan takarda. Na ci, don kada ya ɗauka wani abu ne.

Ba gobara ko ɗaya. A rubuta wannan ma.

Laraba, 7 ga Janairu, bayan azahar

An buɗe daji jiya. Baba ya kira maharba zaure, ya ce ba zai tsare mutane da yunwa a kan maganarsa ba, ya miƙa wa Ɗan'inna ƙahon da ake busawa a buɗe daji. Inna ta ce bai ce aro ba, bai ce kyauta ba, ya miƙa kawai. Ya koma ciki kafin a busa.

Ɗan'inna ya samo baƙonsa daga Haɗeja. Kamar dai yadda na ce za a iya.

Cinyar gidan Ɗan'inna ta shiga.

Alhamis, 8 ga Janairu, da safe

Baba ya kira ni. Shi da kansa, lambarsa ce ta fito. Na tashi tsaye a tsakiyar ofis, ban san dalili ba.

“Malama, motar nan taki tana ɗaukar kare?”

Mele ya gayyace shi. Can ba a fara karɓar komai ba. Zai je ya yi rani a wurinsa.

Na ce tana ɗauka.

Lahadi, 11 ga Janairu, hantsi

Jiya na kai shi.

Ya fito da babbar rigarsa ta Idi, bindiga a naɗe cikin buhu, karnuka biyu a kujerar baya a kan tsohon zanin Inna. Abban Safa ya ce zai raka mu, na ce a'a. Ban taɓa zama da Baba mu biyu na tsawon haka ba, ba zan raba da kowa ba. Ban da karnuka.

Sai da muka wuce Jahun ya fara magana. Ya nuna mini inda kurmi yake a da, yanzu gidan mai ne. Ya nuna inda ya ga barewa ta ƙarshe, shekarar da aka yaye ni. Ya ce a lokacin har ya ɗaga bindiga ya sauke. Na rage gudu don hanyar ta daɗe. Wata tirela ta yi ta yi mini ham.

Bayan Haɗeja ruwa ya bayyana dama da hagu, tsuntsaye fari fat a kai. Ya rufe idon mai yana da tafin hannu ya leƙa da mai kyan.

“Wancan dogon, mai jan baki. Me kuke ce masa a littafinku?”

Na gaya masa. Ya ce in sake. Na sake, gaɓa gaɓa. Ya gwada, ya karya shi gida uku, ya yi dariya, irin dariyar nan da hula ke zamewa. Na ce daga Turai yake zuwa duk shekara, ya ƙetare hamada. Ya ce kai, ashe shi ma. Ya yi ta maimaita sunan a ƙasan numfashi har kusan Birniwa. Idona ya cika, na ce rana ce.

Sannan ya ce, “Bari in riƙe shi da kyau. Sai na gaya wa Mele.”

Mele da mutanensa sun taro mu tun daga bakin Nguru, da ganga. Mele ya durƙusa a ƙasa ya karɓi bindigar da hannu biyu. Karnukan suka gane shi, suka yi ta tsalle. An share wa Baba ɗaki, sabon daɓe, sabuwar tabarma. Fanna ta kama hannuna ta kai ni ciki, ta ajiye mini kwano huɗu, tana “Yaya, Yaya,” ta ce baƙuwar Jigawa guda ai sai an yanka kaza. Na ci. Ya yi daɗi, ba yadda zan yi.

Da zan tafi na same shi a ƙofar gida, maharbansu kewaye da shi, Mele na hagunsa. Na ba Mele kwalbar maganin, na nuna masa yadda ake ɗigawa, safe da yamma. Ya ce in sha Allah ba zai tsallake ba. Na san ba zai tsallake ba.

Na durƙusa na ce, Baba, in rani ya ƙare ka sa a kira ni, zan zo in ɗauke ka.

“A'a, kada ki wahala, ga aiki. Mele zai kawo ni.” Sai ya tsaya, ya juyo da idon mai kyau, da gaske yake tambaya. “In ya rako ni kawai, ba bindiga ba kare, wannan ba a biya, ko Malama?”

Na ce ba a biya, Baba.

Motar har yanzu warin kare take. Abban Safa ya ce zai kai a wanke. Na ce ya bari tukuna.